Waya a Hannu, Yaro a Gefe: Tambayoyin da Iyaye Ke Yi Mini a Zariya

Ni malamar firamare ce a Tudun Wadan Zariya, 'yan aji ɗaya da aji biyu nake koyarwa, kuma ina da 'ya'ya huɗu. A tsakar gidana na fara sanin wannan magana. Wata rana bayan La'asar ina zaune a tabarma ina amsa saƙonni a guruf ɗin bikin wata 'yar'uwarmu, ana ta ja-in-ja kan kalar anko. Autata, lokacin tana da shekara uku, sai kira take yi, "Umma, Umma." Ni kuwa ina "uhm, ina jin ki," ban ko ɗago ba. Can na ji wasu 'yan hannuwa masu ƙura sun tallabo haɓata sun juyo da fuskata. Ta ce, "Umma, ni za ki kalla." A gabanta murfin kwalba ne cike da ƙasa, an yayyaga ganyen darbejiya a kai. Tuwo da miya ta dafa mini, tana jira in ci. Allah kaɗai ya san tun yaushe take tsaye da shi.

Tun daga ranar nake ɗauko zancen duk inda na samu iyaye: taron iyaye da malamai, gidan suna, Islamiyyar matan aure. Ga tambayoyin da suka fi dawowa.

Wuni nake yi a gida tare da su. To me wayar ta rage musu?

Fuskarki ta rage musu. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, a kan baƙo aka faɗa, amma yaro ya fi baƙo buƙatarta. Ki lura da mai latsa waya: kai a sunkuye, ido a ƙasa, fuska ba motsi. In ma ta yi murmushi, ba da wanda ke gabanta take yi ba.

A shekarun 1970 wani masanin halayyar jarirai a Amurka, Edward Tronick, ya yi wani gwaji da har yau ake koyar da shi. Uwa za ta zauna gaban jaririnta ɗan watanni suna wasa, sai a ce ta ɗauke duk wata fara'a, ta zuba masa ido kawai na 'yan mintuna. Jaririn zai fara yi mata murmushi, ya miƙa hannu, ya yi gwaranci don ya dawo da ita. In bai samu amsa ba sai ya fara miƙa, ya kau da kai, ya ɓarke da kuka. Uwar ba ta tashi ba, ba ta tsawata masa ba, fuskarta ce kawai ta daina amsawa. Daga baya wasu masu bincike sun maimaita gwajin, suka ba iyaye matan waya su duba a maimakon ɗaure fuska, jariran kuma suka shiga irin wannan damuwar.

Za ki ce ai mai daka ko wanki ma ba kallon yaro take yi ba. Gaskiya ne, amma mai daka bakinta na tafiya, tana waƙa, tana "kai, sauka daga nan." Yaro yana ganin turmi da taɓarya, ya san abin da ya riƙe ta, ya san in gari ya yi laushi za ta gama, har yakan ɗauko muciya ya ce zai taya ta. Abin da ke cikin waya kuwa ba ya ganinsa, bai san yaushe zai ƙare ba, ba shi da ƙofar shiga.

Jaririn goye ma har ya san ana latsa waya?

Bai san waya ba, amma ya san ido. Sabon jariri ya fi ganin abin da ke tazarar santimita 20 zuwa 30 daga fuskarsa, wato kusan tazarar da ke tsakanin ƙirjin uwa da fuskarta lokacin shayarwa. Allah ya daidaita abin nan ba a banza ba. Yanzu kuwa lokacin shayarwa ne mata da yawa muka mayar lokacin duba sitatus, tunda hannu ɗaya ba ya komai.

Magana ma a haka ake koyon ta: ya ce "ba-ba-ba," ki ce "na'am, Baba ya fita," ya ƙara, ki ƙara. Ba a makaranta ɗan Zazzau ya koyi cewa "mota ne" inda Bakano zai ce "mota ce" ba, a bakin mutanen gidansu ya tsinta. A 2017 an wallafa wani bincike a Amurka da aka yi da iyaye mata 38 da 'ya'yansu 'yan shekara biyu. Kowace uwa aka ba ta sababbin kalmomi biyu ta koya wa ɗanta. A tsakiyar koyar da ɗaya sai a buga mata waya ta ɗauka, ɗayar kuma a bar ta ta gama. Lokacin koyarwar daidai yake, amma yaran kalmar da ba a katse ba suka riƙe, waccan ta bi iska.

Iyayenmu ma ba su zauna suna hira da mu ba, me ya same mu?

Wannan ita ce tambayar da na fi girmamawa, domin akwai gaskiya a cikinta. Mun taso da alkunya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wani ma da an yaye shi sai gidan kaka. Uba kuwa in ya shigo kowa ya shiga taitayinsa.

Sai dai a tuna irin gidan da aka yi wannan kawaicin a cikinsa. Ki ɗauki tsoffin gidajen cikin Birni, wajen Kwarbai ko Ƙofar Doka: zaure a gaba, sassa a ciki, mutum talatin ko fiye a gida ɗaya. In uwa ta kau da kai don kunya, ga kaka tana jiran jikanta da tsokana, tana ce masa "maigidana, yau ba cefane?" ko ta ce wa jikarta "kishiya, kin zo ƙwace mini miji?" Ga goggo, ga inna, ga matar baffa, ga yayye. Yaro ba ya taku goma bai haɗu da fuskar da za ta amsa masa ba. Da dare a taru a ɗakin tsohuwa a sha tatsuniya, in da farin wata a fita dandali. Kunyar uwa ba ta bar giɓi ba, saboda akwai masu cikewa.

Yau ma'aurata da yawa ɗaki biyu suke kamawa a Hanwa, ko Palladan, ko Samaru, ko Dogarawa, a rufe get. Maigida ya fita, saura uwa da yara. In ta sunkuya kan waya, babu kakar da yaro zai ruga wurinta. Manyan gidajen ma ba su tsira ba. Na je gaisuwar Sallah wani gida, manya bakwai a ɗaki, kowa kansa a ƙasa, wani ɗan yaro da sabon ɗinki yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana nuna hularsa.

Akwai wani abu kuma da muka yi asararsa ba mu lura ba, shi ne aike. Kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, matar da ke kulle yaranta ne ƙafarta. "Je ka ce wa Goggo ina gaishe ta, ta ba ka rariya." Sai an tsayar da shi an maimaita masa, ya je ya durƙusa ya gaida mutane, ya isar da saƙo, ya dawo a tambaye shi me aka ce. Hira ce wannan, tarbiyya ce kuma. Yanzu saƙon murya ɗaya ya gama aikin. Ina ganin sakamakon a ajina: yaro ɗan shekara bakwai a aike shi ofishin hedimasta, ya je ya tsaya ƙiƙam ya rasa ta inda zai fara.

Malama, da wayar nan nake ci da yarana. In ajiye ta mu ci me?

Kada ki ajiye. Na san mata da yawa da ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu da cinikin WhatsApp: atamfa, turaren wuta, humra, cincin, dambun nama. Ta ɗora a sitatus, a yi ciniki, alat ya shigo, ɗan acaba ya kai kaya, ba ta taka ƙofar gida ba. Rufin asiri ne, ba wanda ya isa ya kushe shi.

Amma mai shago a kasuwar Sabon Gari ma yana da lokacin buɗewa da na rufewa. Ki yanka wa naki shagon lokaci, ki rubuta a sitatus cewa daga Magariba sai da safe. Mai son kayanki zai jira. In ciniki ya zo yaro yana miki magana, ki dube shi ki ce, "Bari in sallami mai sayen turare, yanzu zan zo." Sannan ki zo ɗin. Yaro yana iya jira in ya san "yanzu" ɗinki gaskiya ce.

Sai kuma a yi wa kai adalci. A saitin wayar Android akwai Digital Wellbeing, a iPhone akwai Screen Time, suna nuna awa nawa aka yi a kowace manhaja. Ki buɗe ki ga nawa ne na ciniki, nawa ne na TikTok da littattafan da ake turowa a guruf. Ranar da na fara duba tawa jikina ya yi sanyi.

Me ya sa yaro ke tsiro da rigima daidai lokacin da na ɗauki waya?

Saboda ya gwada ta lalama bai samu ba. Ya kira, ya ja zani, ya nuna abu, shiru. Ya zubar da ruwa ko ya mintsini ƙanwarsa, nan take kin ɗago. Ko da faɗa ne, ya dai samu idonki.

Wata likitar yara, Jenny Radesky, ta sa an zauna a gidajen cin abinci na birnin Boston ana lura da manya 55 da suka zo da ƙananan yara. A sakamakon da aka wallafa a 2014, mutum 40 daga cikinsu sun ciro waya ana cikin cin abinci. Waɗanda suka fi nutsewa a cikinta su ne suka fi mayar wa yara martani da zafi in sun yi ƙiriniya. Binciken da ta yi daga baya tare da Brandon McDaniel ya nuna abin zagaye yake yi: rigimar yaro ta gajiyar da uwa ko uba, su fake a waya don su huta, fakewar ta ƙara wa yaro rigima. Don haka kafin hannu ya kai ga bulala, a tambayi kai sau nawa ya kira ba a amsa ba.

Akwai haɗarin da ya wuce na tarbiyya?

Akwai. Mai rarrafe yana iya nutsewa a ruwan bokiti ko baho, kuma ba ihu ake ji ba, shiru abin ke faruwa. Ga rijiyar da aka manta ba a rufe ba, ga tafasasshen ruwa a kan murhu, ga ƙofar gida da babura ke giftawa. In yaro na kusa da ɗaya daga cikin waɗannan, waya ta zauna a ɗaki.

Wai duk laifin na mata ne? Mu maza ai ba ma wuni a gida.

Wannan shi ya sa lokacinku da su ya fi tsada, Malam. Wanda ya fita bayan Asuba ya dawo bayan Isha'i, abin da yaransa ke samu a wurinsa bai fi awa guda ba. A da in magidanci ya baro majalisa ya baro ta ke nan. Yanzu a aljihu yake shigowa da ita gida: guruf ɗin siyasa, na ƙwallo, na 'yan ajinsu na sakandare. Lokacin da aka yi yayin mainin, wato neman kuɗin kirifto ta waya, a 2024, magidanta nawa ne suka raba dare suna daddanna fuskar waya, yaro na jingine da kafaɗarsu har barci ya kwashe shi?

Ba wai a zubar da girma ake nufi ba. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u bin Habis. Aƙra'u ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Sai Annabi ya ce masa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba.

Damarmakinku ƙanana ne amma kullum suna nan. Tafiya masallaci da dawowa. Kai su makaranta a babur. Cin tuwon dare a kwano ɗaya da 'yan mazan. In waya ta zauna a aljihu a waɗannan lokutan kaɗai, an yi nisa.

Ni ba shirme nake kallo ba, karatun malamai nake saurare. Shi ma da matsala?

Neman ilimi alheri ne, Allah ya ƙara basira. Amma karatun da ke waya ana iya tsayar da shi a ci gaba an jima, kukan yaro ba ya tsayuwa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro ya taƙaita, don kada ya ƙuntata wa uwar. Ya kuma yi salla ɗauke da jikarsa Umama. In an taƙaita sallar jam'i saboda yaro, tsayar da karatu na minti biyar ba zai rage lada ba. Ki cire abin kunnen ma ki sa a sifika, ku ji tare.

To in miƙa masa wayar ya yi shiru in samu in yi aiki fa?

Shirun zai yi, sai dai gobe ma ita zai nema. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, yaron da bai kai shekara biyu ba ba a so a zaunar da shi gaban waya ko talabijin. Daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ƙasa da haka ne ya fi. Ki ba shi murfin tukunya da cokali, ko ki zuba masa wake a faranti ya taya ki tsinta in ya wuce shekarun kai komai baki.

Kiran bidiyo daban ne. In mahaifinsu na aiki a Legas ko Abuja, ko kakarsu na nesa, a kira su su ga juna. A nan akwai mai amsawa a ɗaya ɓangaren, abin da ake nema ke nan tun farko.

Nawa sun girma, suna sakandare. Su ma abin ya shafe su?

Su ne ma abin tsoro, domin ba za su tallabo haɓarki ba. Budurwa za ta dawo daga makaranta ta tsaya bakin ƙofa tana murza gefen hijabi, ta ce "Umma." Ki ce "mene ne?" idonki a waya. Ta ce "ba komai," ta juya. Wannan "ba komai" ɗin wata rana babban abu ne: wani ne ke tare ta a hanya, ko ƙawaye sun ware ta, ko ta ga sauyi a jikinta tana jin nauyin tambaya. In ta gwada sau uku ba ta samu fuska ba, za ta kai maganar inda ake sauraren ta, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sannan suna kallon mu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uban da ya ƙwace wayar ɗansa da hannun hagu alhali tasa na hannun dama, yaron zai yi shiru don ladabi, amma ya riga ya yanke hukunci a ransa.

Na sha yin niyyar ragewa ina kasawa. Ta ina zan fara?

Ba raunin zuciyarki ba ne kaɗai. Manhajojin nan an ƙera su ne don su riƙe mutum: bidiyo na ƙarewa wani ya hau da kansa, shafi ba shi da ƙarshe, ƙarar saƙo kuma ba ki san ko alat ne ko gaisuwar Juma'a ba sai kin duba. Niyya kaɗai ba ta isa ba, sai an nisanta wayar da hannu.

Abin da ya yi mini aiki shi ne na kashe ƙarar duk guruf-guruf, na bar kira kawai, tunda mai uzuri na gaske kira zai yi. Wurin cajina na mayar da shi can saman durowa a uwar ɗaki. Na kuma keɓe lokuta uku da ba na taɓa ta: in yara sun shigo daga makaranta har su cire kaya su ci abinci, lokacin tuwon dare, da kuma in ana shirin barci. Wata abokiyar aikina ƙaramar waya mai tocila ta saya don kira, babbar sai yara sun tafi Islamiyya take kunna mata data.

Za ki karya dokar wata rana, ni ma ina karyawa. A gwajin Tronick ɗin nan akwai kashi na ƙarshe da ba a cika faɗa ba: in uwar ta saki fuska ta dawo da wasa, yawancin jariran sukan huce su koma mata. Ki ajiye wayar ki ce, "Yi haƙuri, ban ji ka ba, sake faɗa mini." Ba ya rage wa uwa komai.

Maigidana ne ba ya rabuwa da waya. Yaya zan gaya masa ba a yi rigima ba?

Ba a gaban yara ba, ba kuma lokacin da take hannunsa ba. Ki bari ya ci ya huta. Kada ki fara da "kullum kai," ki fara da yaron: "Baban yara, ɗazu yaron nan sau uku yana kawo maka littafinsa, ya ci goma bisa goma a lissafi." Yawancin maza ba su ma san an zo ba. In kin haɗa da kanki, kika ce ku biyun ku riƙa ajiyewa lokacin abinci, ya fi saurin karɓa.

Na ajiye wayar, sai na rasa me zan ce musu.

Ba sai kin ce komai ba, ki zauna inda suke kawai, su za su kawo zancen. In kina tsinke zogale ki tura musu tiren. In an ɗauke wuta ku fito da tabarma tsakar gida.

Daren farko da na gwada tatsuniya na tarar rabin labarin Gizo da Ƙoƙi ya zube mini. Na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Shiru, suna kallona, ba wanda ya san amsar. Sai da na koya musu su ce, "Ta zo mu ji ta." Da na kai inda na manta, babban ya ce wai Gizo ya hau Keke Napep ya gudu Kwangila, autar ta ce a'a, Ƙoƙi ta riga shi zuwa tasha. Aka yi ta musu har ta yi barci a cinyata ba a kai ga ƙurunƙus ba. Washegari tun kafin a idar da Isha'i ta jawo tabarmar da kanta.